Daga Kafanchan zuwa Terminus: kundin aikin taswirar Jos a OpenTTD

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau na fara aikin da na daɗe ina ɗagawa, wato gina taswirar Jos da kewayenta a cikin OpenTTD. Ga wanda bai san shi ba, wasan kwamfuta ne na kafa kamfanin sufuri. Za a ba ka ƙasa da garuruwa da masana'antu, a ba ka bashin banki, kai kuma ka shimfiɗa layin dogo da tituna, ka sayi jirage da motoci, ka yi ta jigilar mutane da kaya har kamfanin ya tsaya da ƙafarsa. Tushensa shi ne Transport Tycoon Deluxe na Chris Sawyer wanda ya fito a 1995. Daga baya aka sake rubuta shi, a 2004 aka fara fitar da shi a matsayin manhajar da kowa zai iya ɗauka kyauta ya kuma gyara, kuma har gobe masu sa kai ne ke riƙe da shi. Fitowa ta 14 nake amfani da ita, a tsohuwar laftof ɗina, ba ta kuma yi gardama ba.

Shekara uku ina buga shi a kan ƙasashen da kwamfuta ke ƙaga wa kanta, garuruwa masu sunan Turawa waɗanda ba su da wata alaƙa da ni. Abin da nake so yanzu shi ne ɗan Gangare ko ɗan Bukuru ya buɗe taswira ya ce ga gidanmu nan. Ina kuma so in ga jirgin kaya ya taso daga Kafanchan ya hau tudun nan ya shigo tashar Terminus, abin da idona bai taɓa gani yadda ya kamata ba, sai dai labarinsa da nake ji a bakin Kawu.

Na yanke iyaka. Yamma Kafanchan, gabas Pankshin, kudu Bokkos, arewa kuma ɗan gaba da Jengre. Faɗin taswirar gurbi 1024 sau 1024, kowane gurbi ya tashi kusan mita 140 a ƙasa ta gaske.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Wasan yana karɓar hoto mai launin toka-toka ya mayar da shi ƙasa. Inda ya yi duhu kwari ne, inda ya yi haske tudu ne. Na samo bayanan tsayin ƙasa na SRTM, waɗanda kumbon hukumar NASA ya auna a watan Fabrairun 2000, na yanko yankinmu, na juya shi hoton PNG. Saukewar ta cinye mini data ba kaɗan ba, amma da hoton ya buɗe na daɗe ina kallonsa. Filato ya fito fari tas kamar an kifa faranti a kan tabarma, bakinsa na kudu maso yamma a yanke kamar da wuƙa, duwatsun Shere kuma suna ƙyalli a gabashin gari.

Gwajin farko na ba shi mataki 30 na tsayi, sai ƙasar ta kwanta, Hawan Kibo ya zama ɗan tozo. Wanda ya taɓa zama a motar da ke nishi a Hawan Kibo ba zai yarda da wannan ba. Na ɗaga zuwa 60, kowane mataki kusan mita 20 ke nan. Yanzu ya yi kama da gida. Wasan ba ya barin gurbi ya fi maƙwabcinsa da fiye da mataki ɗaya, saboda haka gangaren da ke tsaye ƙiƙam a zahiri sai ya baje kaɗan. Na haƙura da wannan.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

An ɗauke wuta ina tsakiyar dasa garuruwa, batirin laftof kuma ya daɗe da mutuwa. Aikin awa biyu ya tafi. Daga yau duk gari ɗaya da na dasa sai na adana fayil.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Garuruwa sun zauna. Ban bar Jos a matsayin dunƙule ɗaya ba, domin a wasan gari yana girma ne daga tsakiyarsa zuwa waje, Jos kuwa doguwa ce, ta miƙe daga Farin Gada har Bukuru. Don haka na yi Jos, Naraguta, Tudun Wada da Bukuru kowanne da kansa, in sun girma su haɗe. Sai Kuru, Vom, Heipang, Barkin Ladi, Riyom, Mangu, Bokkos, Pankshin, Jengre, Toro, Manchok, Kagoro da Kafanchan.

Batun yanayi ya ɗan ba ni wahala. Wasan yana da yanayi huɗu, biyu ne kawai za su iya yi mana, na ƙasar sanyi mai ciyawa da na ƙasar zafi. Na farkon ya fi kama da korayen tuddanmu na damina, amma ma'adinansa kwal ne da ƙarfe, gonakinsa kuma irin na Ingila. Na ɗauki na ƙasar zafi na share hamadar da ke cikinsa gaba ɗaya, saboda yana da mahaƙar tagulla da gonar masara da lambun 'ya'yan itace. Tagulla za ta tsaya a madadin kuza. Lambun 'ya'yan itace zai tsaya a madadin dankalin Turawa da kabeji da tumatir, kuma ya dace, domin a wasan kuɗin dakonsu yana zubewa da sauri in suka daɗe a hanya, daidai da yadda kwandon tumatir yake in mota ta kwana a daji. Masana'antar sarrafa abinci na ajiye ta a Farin Gada, tun da can kayan gwari ke sauka.

Shekarar farawa 1950. Kuɗi na bar shi a fam, don shi ake kashewa a lokacin. In wasa ya kai 1973 zan sauya zuwa naira, biyu a kan fam ɗaya, yadda aka yi da gaske.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na gwada layin Kafanchan, ya kuma ci tura.

Na ɗauki bashin fam 300,000, iyakar abin da banki ke bayarwa, na ja layi miƙe daga Kafanchan na nufi Bukuru. Duk tudun da ya tare ni na sare shi, duk kwarin da na tarar na cike shi ko na ɗora gada. Kafin in kai rabin hawan kuɗi sun ƙare. Na sake farawa, wannan karon ban taɓa ƙasa ba, na bar layin ya hau gangaren kai tsaye. Kan jirgin da ake da shi a 1950 mai tururi ne, Wills 2-8-0. Na ɗaura masa tarago takwas. A fili yana tafiya lafiya, da ya kama hawan sai gudunsa ya yi ta raguwa, ina kallon lambar tana sauka har ta kai kilomita 9 a awa, hayaƙi yana tashi, jirgi yana rarrafe. Na kunna saitin da ke sa nauyi da gangare su yi tasiri na gaske, kuma ba zan kashe shi ba, don in na kashe to ba Jos nake ginawa ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na ɗauki laftof na tafi gidan Kawu bayan la'asar. Ya yi aikin reluwe shekara da shekaru, galibinsu a Kafanchan, har ya yi ritaya. Na tarar da shi a zaure ya lulluɓe da bargo, sanyin bana ya shigo da wuri. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, wani aiki na kawo ku duba mini." Ya sa tabarau, ya matso da fuskarsa dab da allo. Ban gaya masa komai ba. Can sai ya ɗora yatsa a kan wani tudu ya ce, "Wannan ai dutsen Kagoro ne." Gabana ya faɗi don murna, domin ban kunna sunayen garuruwa ba.

Na nuna masa layina, na saki jirgin ya gani. Ya kalla har ya kai inda yake rarrafe, sannan ya cire tabarau. "Ɗan nan, wa ya ce maka jirgi yana hawa dutse ta goshi? Jirgi ba akuya ba ne. Lallaɓa tudu ake yi, a bi ta gefensa, a ba shi haƙuri." Ya sa na mayar da taswirar baya, ya bi da yatsa daga Kafanchan zuwa Kagoro, ya ratsa ta Manchok, ya yi ta karkacewa yana bin gindin tuddai har ya ɓulla Kuru, daga nan Bukuru, sannan Jos. Kusan kilomita 100 ke nan a ƙasa. Ya ce duk lanƙwasar da na gani a layin nan, wani ne ya taka wurin da ƙafa, ya auna, ya ga nan ne kawai ƙarfe zai iya riƙe ƙarfe. Ya ba ni labarin yadda ake zuba yashi a kan dogo in raɓa ta sauka ƙafafun jirgi suna sulɓewa, da yadda mai zuba kwal ke jiƙewa sharkaf da gumi a hawan, ko da a tsakiyar hunturu ne.

Na sha wucewa ta gefen layin nan a mota, ciyawa ta rufe shi, ina ganin karkacewarsa a matsayin aikin mutanen da ba su da kayan aiki. Yau na gane cewa ilimi ne a kwance a ƙasa. An buɗe shi a 1927, kuma da shi ne Jos ta haɗu da layin gabas mai zuwa Fatakwal, ta inda kwal ɗin Inugu ke hawowa, kuza kuma ke gangarawa teku. Kafin a sami dogo kwata-kwata, a kai 'yan dako ke ɗaukar kuza har Loko da ke bakin Binuwai. Ina kallon tazarar nan a allo sai jikina ya yi sanyi, alhali Lokon ma ba ta shigo cikin taswirata ba.

Da zan tafi ya ce, "In ka gyara ka dawo da shi in gani." Na ce, "In sha Allahu, Kawu."

Lahadi, 8 ga Disamba

Kwana bakwai ina bin yatsan Kawu. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina ita ce bayan kowane gurbi ɗaya na hawa sai layi ya sami aƙalla gurbi huɗu a kwance, don jirgi ya maido da numfashi, kuma kada taragai da yawa su kasance a kan gangare lokaci guda. Layin ya ƙara tsawo da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma kuɗin gina shi bai kai rabin na farko ba, tun da ban sare tudu ba sai wuri biyu. Kwana mai kaifi ma na guje mata, don ita ma tana rage gudu.

Daren jiya Wills ya ja tarago takwas daga Kafanchan ya shiga Kuru, gudunsa bai sauka ƙasa da 40 ba. Na bi shi da ido tun daga farko har ƙarshe ban taɓa maɓallin gaggawa ba.

Laraba, 11 ga Disamba

Hukumar garin Bukuru ta hana ni gina tasha. Laifina ne, na sare itatuwa da yawa a gefen gari wajen shimfiɗa layi, kimata ta zube a wurinsu. A wasan akwai damar ba hukuma cin hanci, na shiga saiti na kashe ta gaba ɗaya, kuma haka taswirar za ta fita ga duk wanda zai buga. Na dasa itatuwa a filayen da ke kewaye har suka huce.

Lahadi, 15 ga Disamba

Layi ɗaya, jirage huɗu, sai rikici. Biyu suka yi cirko-cirko tsakanin Manchok da Kuru, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya kauce, sauran biyun suka jeru a baya. Wata uku na wasa ba abin da ya motsa, ni kuma hankalina yana Mangu ina gina tashar mota, sai da na ga kuɗi suna ja baya sannan na farga.

Kuskuren a wurin sigina yake. Na jera su a kan layin guda ɗaya, inda in jirgi ya tsaya ya toshe kowa. Na tumɓuke su duka. Na yi wurin kaucewa guda uku, kowanne ya fi jirgi mafi tsawo da gurbi ɗaya, na sa siginar da ke kama wa jirgi hanya a ƙarshen kowane reshe kawai. Irin wannan sigina ba ta sakin jirgi sai ta keɓe masa hanya har zuwa wuri na gaba da zai iya tsayawa lafiya. Da na yi wa Kawu bayani a waya sai ya ce ai wannan ita ce sanda. A zamaninsu direba ba ya barin tasha a layi guda sai an miƙa masa sandar wannan yanki a hannu, kuma na'urar ba ta sakin wata sai an mayar da ta farko. Wanda ke riƙe da sanda shi ke da hanya. Tun daga ranar ban sake ruɗewa a kan inda zan kafa sigina ba, tambayar da nake yi kawai ita ce a ina za a miƙa sanda.

Asabar, 21 ga Disamba

Na ƙara ƙaramin layin da ya taso daga Zariya, wanda Turawa suka kira Bauchi Light Railway ko da yake bai taɓa zuwa garin Bauchi ba. Ya iso Jos da Bukuru a 1914, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, aka rufe shi a 1957. Kawunan jiragensa suna nan a ajiye a gidan tarihi na Jos, tun muna firamare aka kai mu muka gani. A taswirata guntunsa ne kawai ya shigo, daga Jengre zuwa gari. Wasan ba ya zuwa da siririn dogo, saboda haka na yi amfani da na kullum na ƙayyade wa jirgin gudu a jadawalinsa, tarago uku kacal. Na kafa allo a gefen layin mai cewa a rufe shi in 1957 ta yi. Wanda ya ga dama ya bi tarihi, wanda ya ga zai iya ceto shi ya gwada.

Reshen Kuru zuwa Bauchi ban gina shi ba, da gangan. A zahiri sai 1961 ya isa Bauchi, ya kai Maiduguri a 1964. Na bar wa mai wasa filin.

Lahadi, 29 ga Disamba

Wannan makon a kan kududdufan kuza na ƙare, kuma shi ne aikin da ya fi taɓa ni. Hoton kumbo bai nuna su sosai ba, sai da hannu na riƙa sa su, ina duba hoton tauraron ɗan'adam a waya ina zuba ruwa gurbi-gurbi a kewayen Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi. Ƙanena yana zaune kusa da ni ya ce, "Yaya, ai a 1950 ba su kai haka yawa ba." Gaskiyarsa. Na yi shiru ina tunani, sannan na bar su yadda suke a yau. Duk wanda ya tashi a nan ya san ramukan nan. Ruwansu shuɗi ne mai kyan gani, zurfinsu kuwa ba a wasa da shi, kusan kowace unguwa tana da labarin yaron da ya shiga bai fito ba. Su ne kuma suke shayar da lambunan rani, ka ga injin ban ruwa yana ta ƙara a bakin rami, kabeji da karas sun yi kore shar a ƙasar da aka ƙwaƙule aka tafi aka bari. A wasa in ma'adini ya ƙare, mahaƙar ɓacewa take yi, ciyawa ta tsiro kamar ba a taɓa komai ba. A nan ba haka aka yi ba, kuma ba na son taswirar da za ta nuna ribar kuza ta ɓoye ramin da ta bari. Yanzu duk mai jan layi daga Bukuru zuwa Barkin Ladi sai ya kewaye su ko ya biya kuɗin gada.

Masana'antar da ke karɓar tagulla na ajiye ta a Makeri, inda aka yi kamfanin narkar da kuza. Ƙanena ya ɗauki nauyin koyon NML, yaren da ake rubuta ƙarin kayan wasan da shi, don ya sauya sunan tagulla ya koma kuza a duk inda ya fito.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na kunna tsarin da ke ba kowane fasinja inda za shi, maimakon ya sauka a duk tashar da aka kai shi. Cikin shekara biyu na wasa mutum sama da 2,000 suka taru a Terminus, kimar tashar tana sauka. Na ƙara motocin bas, abin bai gyaru ba, sai ma suka riƙa tafiya a jere kamar ayarin biki, ta gaba a cike, na baya fayau. Fitowa ta 14 tana da umarnin da ke riƙe mota a gareji ya sake su da tazara, wannan ya warware jerin gwanon.

Cunkoson kansa kuwa maƙwabcinmu direba ne ya gano shi. Dankali yake ɗaukowa daga Maikatako. Ya leƙo ya ga abin da nake yi, ya ce, "Malam, ka sa kowa sai ya shiga cikin gari. Mai zuwa Bauchi daga Bukuru me ya kai shi Terminus?" Na buɗe tasha a hanyar Bauchi da wata a Farin Gada, na ja layin bas da ke haɗa su da Bukuru ba tare da ya ratsa tsakiya ba. Taron Terminus ya ragu zuwa ƙasa da 600. Ya kuma ce motocin Mangu su fi yawa ranar Juma'a saboda kasuwa. Wasan bai san ranar kasuwa ba, wannan kam ba yadda zan yi da shi.

Jirgi ya take bas ɗaya a mahaɗar titi da dogo kusa da Bukuru. Na ɗaga titin a kan gada.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na mayar wa Kawu da laftof kamar yadda ya ce. Na haɗa ta da ta ƙanena a kan waya ɗaya, kamfani biyu a taswira guda, shi yana jigilar dankali da motoci, ni ina kan dogo. Na sa wa Kawu kujera a tsakiya, na buɗe masa tagar da ke bin jirgi, na saki na kaya daga Kafanchan da tarago goma da kai biyu. Yana kiran sunan kowane wuri kafin jirgin ya kai. A Manchok ya tsaya ya ba na fasinja hanya, Kawu ya gyaɗa kai. Da ya wuce Bukuru ya gangaro ya shiga Terminus, sai Kawu ya ce a sake sakin wani.

A karo na biyu ya tsayar da ni a Kuru. Ya ce mahaɗar da na tanada don reshen Bauchi tana fuskantar inda bai dace ba, in ba shi takarda. Ya zana mini yadda layukan suka rabu da inda ɗakin mai ba da hanya yake, da biro, a bayan wata tsohuwar ambulan. Gyaran zai sa in tashi tashar Kuru gaba ɗaya in matsar da ita gurbi shida, in sake siginonin ɓangaren Bukuru. Sauran aiki bayan wannan shi ne filin jirgin sama na Heipang, da sunan kuza da ƙanena bai gama ba, da gwajin shekara talatin a jere don in ga ko sabon ɗan wasa zai iya biyan bashinsa kafin 1960. Ambulan ɗin tana cikin jakar laftof, ranar Asabar zan fara da Kuru.